Jikar Hajiya a Lambun Iyali

Zuwa ga matata, marigayiya Binta,

Assalamu alaiki wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto miki wannan takarda daga Doha, daga ɗakin nan namu na Ain Khaled da kika sani ta waya, mai labulen da kika ce da gani tsohon zanin gado ne. Har yanzu shi ne a rataye. Na san ba za ki karanta ba. Na kuma san waɗanda za su karanta abokai ne da 'yan uwa da wasu da ban taɓa gani ba a shafin nan. Su yi haƙuri, ba da su nake ba. Magana ce a kan yarinyar da kika bar mini, da yadda na kusa rasa ta tana raye, ina ji ina gani.

Bari in fara daga zanen, tunda ta nan kika fi sanina, ta nan kuma kika fi yi mini dariya.

Kin tuna labarin da na sha ba ki na malaminmu a kwaleji a Zariya, wanda ya shigo aji wata rana da wani tsohon littafi bangonsa duk ya yage, ya buɗe mana zane-zanen wasu Turawan Faransa na zamanin da. Mutanen nan sun gaji da zama a ɗaki suna zana sarakuna da masu mulki, sai suka kwashi fentinsu suka fita waje. Lambunan birni suke zuwa ranar hutu, su zauna su zana talakawa suna shan iska: mata da laima, yara suna tura ƙananan jiragen wasa a tafki, tsoho yana gyangyaɗi a benci, samari da 'yan mata suna rawa a ƙarƙashin itatuwa. Ba sa tsayawa fitar da ido da hanci. Dangwala fenti suke yi da sauri-sauri, ja kusa da kore, ruwan ɗorawa kusa da shuɗi, don su kama hasken kafin rana ta gusa. In ka matso kusa sai ka rantse yaro ne ya yi ɓarna. In ka ja baya sai ka ga mutane suna motsi. Malam ya ce mana inuwa ba baƙa ba ce, wanda bai yarda ba ya fita ya duba. Na fita na duba inuwar dalbejiyar bakin ajinmu, na ga shuɗi-shuɗi a cikinta da ɗan shunayya. Tun daga ranar ban sake kallon komai yadda nake kallonsa a da ba.

Da muka yi aure, duk Lahadi nakan ja ki zuwa lambun nan na bakin kogi a Kaduna, ki shimfiɗa tabarma kina ɓarar gyaɗa, ni kuma in kafa allona. Ba ki taɓa yabon zane ko ɗaya a gabana ba. Kin ce mutanena duk kamar ba su wanke fuska ba. Kin ce in na gama in biya ta asibitin ido. In na ce ki ja baya ki duba da kyau, sai ki ce, "Kai komai naka sai an ja baya." Amma ranar da maƙwabciyarmu ta nemi ki ba ta ɗaya ta rataya a falonta, ina jin ki ta taga kina ce mata ba na kyauta ba ne, ba kuma na sayarwa ba ne.

Abu na biyu da kika fi tsokanata a kai shi ne kunyar 'yar fari. Ke 'yar zamani ce, kin ce wannan sai su Hajiya mahaifiyarki. Ni kuwa a ƙauyenmu na bayan Malumfashi na tashi, ni ne ɗan fari, kuma har mahaifina Baffa ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan". In baƙo ya tambaya, ya ce yaron gidan nan ne. Ban taɓa jin haushi ba, domin kullum ina ganinsa, na kuma san wanda yake ture mini tsokar nama zuwa gefena na akushi ba tare da ya dube ni ba. Da aka haifi tamu, aka sa mata sunan mahaifiyata, kika yi mata laƙabi, sai kunyar ta zama biyu. Ban iya faɗin sunan ba, ban iya faɗin laƙabin ba, ban iya ɗaukarta in akwai idon mutane ba. "Mutuniyarki" nake ce miki. Ke kuma in mun yi baƙi da gangan kike ɗauko ta ki dire mini a cinya, ki koma gefe kina kallon yadda zan yi da hannuwana.

Tana rarrafe na taho nan. Aikin kin san shi, zama gaban kwamfuta daga safe har yamma ina zana hanyoyin bututun ruwa na gine-gine, layi miƙaƙƙe bayan layi miƙaƙƙe, babu haske babu inuwa. Na yi miki alkawarin zan kawo ku. Sai na tarar sunan aikin da aka rubuta a katina, da abin da ake biyana, ba su kai a ba ni izinin zama da iyali ba. Na je wurin kafil, ubangidan da izinin zamana ke hannunsa, ya ce inshallah. Na koma ya ce inshallah. Na yi ta komawa har na daina hawa benen ofishinsa. A idon garin nan ni gwauro ne, ni da aka ɗaura wa aure a bainar jama'a aka raba goro.

Akwai wani lambu a Thumama, ba nisa da inda suke gina filin ƙwallon nan mai kama da farar hular da alhazai ke kawowa tsaraba. Juma'ar da na fara ganinsa tsayawa na yi kamar an dasa ni. Ciyawa ce kore shar a wannan ƙasa ta yashi, dabino a jere, fararen riguna na maza da baƙaƙen abayoyi na mata suna gilmawa, yara da kaya kala-kala a tsakaninsu, masu raino 'yan Filifin suna tura keken jarirai, wasu mutanen Sudan sun baje flas ɗin shayi a kan darduma. Abin da ke cikin littafin Malam ne sak, sai dai hasken nan ya fi fari da kaifi. Na koma na kwaso kayana na nufi ƙofa. A nan na ga allon, da Larabci da Turanci, cewa na masu iyali ne kawai.

Mai gadin ƙofar ya dube ni, ya dubi hulata, sai ya gaishe ni da Hausa. Issaka sunansa, ɗan Zangon Kumasi. Ya ce in yi haƙuri, in ya bar ni na shiga aikinsa ne zai tafi. Shi ma matarsa da 'ya'yansa suna gida, shi ma bai taɓa zama a kan ciyawar da yake gadi ba. Ya zagaya da ni ta bayan shingen ƙarfe ya nuna mini gindin wata magarya, inda ake hango kusan rabin lambun. Nan ya zama wurina. Na koyi leƙawa ta tsakanin sandunan shingen, abin da suka tare mini kuma in cike shi da ka. Da na gaya miki a waje nake zama, kin yi dariya har kika ƙware, kika raɗa mini gwauron Doha. Da kika gama dariyar kika ce in zaɓa mana bencin da za mu zauna in kun zo, kada ya yi kusa da lilo saboda hayaniya.

Sau ɗaya rashin fuskar mutanena ya taɓa yi mini rana. Wani magidanci Balarabe ya hango ni, ya fito a fusace, yana zaton iyalinsa nake zanawa. Ya tsaya a kaina ya ƙura wa allon ido, ya nemi fuskar matarsa bai samu ba, bai samu ta kowa ba. Ya ɗan ja da baya, ya karkata kai, ya ce mashallah. Can sai ga direbansa da kofin shayin karak. Na sha shayin ta wajen shinge, shi kuma ya koma ciki.

Sai cutar nan ta zo. Aka rufe lambun, aka ɗaɗɗaure lilo da igiyar leda mai ja da fari, aka rufe masallatai, aka tsayar da jirage. Mu aka ce mu yi aiki daga ɗaki, mu da muke cunkushe a gida ɗaya da aka yayyanka da katako. Ba ka leƙa ko shagon unguwa sai wayarka ta nuna kore, alamar ba ka ɗauke da cutar. Issaka yana can yana gadin lambun da babu kowa a ciki, yana turo mini hoton maguna suna barci a kan benci. Nakan hau rufin gida da fentina in gwada zana abin da ke gabana, tankunan ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki da igiyoyin shanya. Ban iya ba. Irin zanen nan nawa sai da mutane, ko da ba a ga fuskarsu ba, sai da wani yana zuba wa wani shayi.

A cikin wannan rufewar kika kwanta. Kin ce zazzaɓi ne, kin ce kada in ishe ki da tambaya. Ranar da Yaya Sani, babban wanki, ya kira ni da hantsi, har an yi miki sutura. Na saurari sallar jana'izarki ta wayar da ke aljihun rigarsa, ina jin kabbara da ƙarar takalma da carar wani zakara a maƙwabta. Babu jirgin da zan hau. Nura, abokin ɗakina, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka riƙa zuwa mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da takunkumi a fuska, kowa daga nesa. Binta, na ji zafin rashinki irin wanda ban san akwai shi ba, na kuma ji haushin garin nan, haushin da har yau bai gama sauka ba.

Da aka sake buɗe lambun na koma gindin magaryata, don ban san inda zan kai kaina ranar Juma'a ba. Mutane sun dawo, amma kowa da takunkumi, kowane gida sun ware can nesa da na kusa da su. Na duba na ga yau duniya gaba ɗaya ta koma irin mutanen zanena, babu mai fuska. Har na ɗauko waya zan gaya miki.

Hajiya, mahaifiyarki, ita ta ɗauki yarinyar, kamar yadda ya kamata. Da hanya ta buɗe sai kamfani ya hana hutu, wai gasar kofin duniya ta matso kuma gine-gine ba su ƙare ba. Da ƙyar na sami 'yan kwanaki na zo gaisuwa, bayan kowa ya riga ya share hawayensa. Kin san zaman suruki a gidan surukai. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofar falon Hajiya, kaina a sunkuye. Aka kawo yarinyar. Ta yi tsayi, goshinki ne sak, ta laɓe a bayan kujera tana leƙena da ido ɗaya. Hajiya ta ce ta zo ta gaishe ni. Hannuna har ƙaiƙayi yake in jawo ta, amma falon cike yake da 'yan uwanki, sai na ce lafiya lau, Allah Ya yi albarka, kamar yadda zan amsa wa 'yar maƙwabta. Na koma jirgi ban taɓa ko yatsanta ba.

Daga nan sai waya. In Hajiya ta miƙa mata, ban san abin da zan ce ba, sai in juya kyamara in nuna mata zane. Ta saba, har takan tambaya yau me na zana. Yaya Sani take kira Abba, tunda haka take ji 'ya'yansa suna kiransa. Ni kuwa "mai zane" take ce mini, kowa a gidan yana dariya, ni ma ina taya su.

Ana nan sai aka yi wa Yaya Sani canjin wurin aiki zuwa Fatakwal. Ya kira ni ya ce yana so ya tafi da ita cikin 'ya'yansa ta yi makaranta a can, tunda ta saba da su, Hajiya kuma ta huta. Ba da mugunta ya faɗa ba, kin san halin ɗan uwanki. Ya tambaye ni ko ina da magana. A tarbiyyar da aka yi mini, wace magana uba yake da ita a kan 'yar fari a gaban dangin uwarta? Cewa na yi duk yadda suka gani daidai ne. Na ajiye wayar na zauna a bakin katifa, ina sane da cewa in ta tafi a haka ta tafi ke nan, ta zama 'yar Sani har abada, ni kuma in tabbata mai zane.

Gasar da ta hana ni hutu ita ce ta buɗe mini ƙofa. Aka ce duk mai tikitin kallon wasa za a ba shi katin shigowa ƙasar, ba ruwan kowa da abin da aka rubuta a katin wani. Na nemi tikiti na kira Hajiya. Ta ce ita da ƙwallo, da girmanta, me za ta ce wa matan unguwa? Sai da na gaya mata da katin nan ana iya wucewa Umra, sannan ta ce to, za ta yi shawara. Na ji daga baya a ranar ta aika aka ɗinko mata sabon hijabi. Gidanmu na gwauraye ba ya saukar mace, sai wani likita ɗan Katsina da ke zaune a Rayyan da iyalinsa ya ba su ɗaki, Allah Ya saka masa da alheri. A filin jirgi na durƙusa na gaida Hajiya, yarinyar tana tsaye tana kallona. Akwatin na ɗauka.

Da kin ga garin a kwanakin nan. Sanyi ya sauka, hasken la'asar ya yi laushi, ya koma ruwan zuma, irin wanda nake jira duk shekara. Mutanen Maroko sun cika ko'ina da jajayen tutoci, 'yan Senegal da gangunansu, wasu Turawa masu riga mai ratsin shuɗi suna kwance a ciyawa babu takalmi kamar a gidan ubansu. Jan fentina, wanda a da sai dai ya bushe a mazubinsa, ya ƙare tas. Na yi zane a 'yan kwanakin nan fiye da wanda na yi a duk shekarar cutar, kuma duk daga bayan shinge.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauko su a tasi, da allona da jakar fenti. Tana sanye da riga ruwan ɗorawa, tana riƙe da gefen hijabin Hajiya. Issaka ya hango mu tun daga nesa, ya fito daga rumfarsa yana washe baki, domin ya daɗe yana jin labarinku. Ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya dubi yarinyar, ya dube ni, ya ce da Hausarsa ta Zango, "Masa Lawal, yau dai ka zo da iyali. Wannan ɗiyanka ne?"

Hajiya tana tsaye a gefena, Binta. Bakina ya riga ni. Na ce, "Jikar Hajiya ce."

Issaka ya yi dariya ya ce yalla, mu shiga. Ban ɗauki maganar a bakin komai ba. Abin da Baffa zai faɗa ke nan, abin da duk mai kunya a garinmu zai faɗa ke nan a gaban surukarsa.

Na taka ciyawar. Ba zan ɓoye miki ba, sai da na cire takalmi. Ashe tana da ɗan danshi. Ashe akwai wani ƙaramin tafki ta ɓangaren da shingen ba ya nuna mini, shekara da shekaru ina cike wurin da itatuwan ƙarya. Na nemi bencin da na zaɓa mana, na tarar wasu Indiyawa sun riga mu, sai muka shimfiɗa darduma kusa da shi. Na kafa allo. Daga ciki komai daban yake. Inuwar dabino tana faɗowa a kaina ni ma, yara suna gilmawa ta gabana da ta bayana, na rasa ta inda zan kama. Na fara da ciyawar, kore da ɗan shuɗi, sannan na dangwala ruwan ɗorawa a tsakiya, daidai inda take tsaye tana kallon masu lilo.

Ba a jima ba ta yi ƙawa, wata yarinya 'yar Kano da iyayenta suke aiki a nan. Suka zo suka tsaya a bayana suna kallon zanen. 'Yar Kanon ta ce wannan ai ɓarnar fenti ce. Tamu ta kama hannunta ta ja ta baya, ta nuna mata dabino da masu keke da matar da ke zuba shayi, ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Daɗi ya kama ni har na kusa juyowa. Sai ƙawar ta tambaye ta ko babanta ne wannan. Ta amsa da irin muryarki, a natse, babu fushi babu komai.

"A'a. Ni jikar Hajiya ce. Shi mai zane ne."

Suka ruga suka koma wurin lilo. Burushin yana hannuna har fentin ya fara daskarewa a bakinsa ban sani ba.

Hajiya ta ji. Tana jan carbi, ba ta dube ni ba, kamar yadda ba ta taɓa dubana ido da ido ba tun da na auri 'yarta. Tafkin take kallo ta yi magana. Ta ce ita ma ta yi kunyar ɗan fari, har yau Sani bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Amma Sani a gabanta ya girma, kullum yana cin tuwon hannunta, ko ba a faɗa ba ya san uwarsa. Wannan kuwa uwarta tana ƙasa, ubanta yana cikin waya, da me za ta sani? Ta ja carbinta. Sannan ta ce, "In don ni kake yi, Malam, na ɗauke maka. Bari in je in yi alwala." Ta miƙe ta tafi, alhali na san da alwalarta.

Na tashi na nufi wurin lilo. Na tsaya na buɗe baki, sunan ya maƙale. Na sake gwadawa, ya fito a shaƙe kamar na mai mura. Humaira. Ta juyo tana neman wanda ya kira ta, ta duba ko'ina ban da inda nake. Na sake kira. Ta taho tana goge hannu a jikin rigarta. Na durƙusa a kan ciyawa, a gaban Larabawa da Indiyawa da mutanen Maroko da tutocinsu, na gaya mata ni ne ubanta, ita 'yata ce, ni da ke muka haife ta.

Ta dube ni na ɗan lokaci, ta karkata kai. Ta ce, "Na sani. Hajiya ta gaya mini tun tuni. Na zaci kai ne ba ka sani ba."

Na ɗauke ta, Binta. Ta fi nauyi a kan yadda na zata, ƙafafunta har suna dukan gwiwata, kanta yana ƙamshin man kwakwa. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ita kuwa ta bar ni na yi, tana wasa da bakin hulata, can ta ce in sauke ta za a riga ta hawa lilo. Kafin in koma wurin allon rana ta gusa, inuwoyin sun miƙe sun canza launi. Irin wannan zane in hasken ya wuce ka shi ke nan, na gobe daban ne. Yana nan jingine a bangon ɗakina, rabi ciyawa rabi farin ƙyalle.

Sun wuce Umra, sun koma Kaduna. Gasa ta ƙare, an sauke tutoci, gari ya koma yadda yake a da. Juma'ar da ta biyo baya na je lambun. Issaka ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ni ma ban so in sa shi a tsaka mai wuya ba, na zagaya na koma gindin magarya. Katina bai canza ba, kwantiragina da saura, kafil yana nan da inshallah ɗinsa. Ban san ranar da zan bar garin nan ba, in na ce miki na sani na yi ƙarya.

Amma na kira Yaya Sani. Na yi ta kewaye-kewaye, na gaishe shi ya fi sau nawa, daga ƙarshe na ce ina roƙon a bar mini 'yata a wurin Hajiya har in dawo. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ya ji, zai tafi ya bar ta. Sai dai ya ce in sani ƙarfin Hajiya ya fara raguwa, in damina ta wuce ban dawo ba dole a sake zama. Ban ga laifinsa ba. Kullum da wannan nake kwana nake tashi, ina jan layukan bututu ina lissafin damina a ƙasar da ba a ruwa.

Yanzu duk Juma'a in na kira, kafin gaisuwa, kafin in nuna mata zane, sai ta ce in faɗi abin nan. Ba ta yarda in yi ƙasa da murya, ba ta yarda in fita waje, wai tana so ta ga ɗakin. Katakon da ya raba ɗakunanmu kuwa ko tari ba ya tarewa. Nura yana kwance yana danna waya kamar ba ya ji, mutanen ɗakin gaba suna tsaka da cin abinci sai in ji cokula sun tsaya, shaƙiyyai, kowa yana jira. Ni kuma, ɗan Baffa, da furfura a gemuna, in gyara murya in ce Humaira 'yata ce. Sai ta ce ba ta ji ba, layin ba shi da kyau. Sai in sake faɗa.

Allah Ya jiƙanki, Binta, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki Ya sanyaya shi. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya da ƙarfi, Ya saka wa Yaya Sani da alheri. Allah Ya raya mana ita, Ya shirya ta, Ya buɗe mini hanyar gida tun tana marmarin jin muryata. Ya sada mu da ke a cikin Aljannarsa, amin.

Wassalam.

Mijinki,
Lawal, baban Humaira
Ain Khaled, Doha